Ɗan Gida Biyu a Rubutun Zube na Hausa: Tarken Labarin Dorugu da Shaihu Umar Daga Mahangar Jiddari Polo

1.0 Gabatarwa

Akwai karin magana guda biyu a bakin Hausawa waɗanda in aka ajiye su kusa da juna sai a ga kamar ba al'umma ɗaya ce ta furta su ba. Na farko yana cewa gida biyu maganin gobara, na biyu kuwa yana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A tsakanin waɗannan maganganu biyu ne rayuwar wani rukuni na mutane take gudana, wato waɗanda aka haifa cikin wata al'ada, amma reno da karatu da zaman yau da kullum suka tashe su cikin wata. A wannan takarda za a kira irin wannan mutum ɗan gida biyu. An kauce wa kalmar ruwa-biyu da gangan, domin ita jini kaɗai take dubawa, alhali abin da ya dame mu a nan shi ne harshe da tarbiyya da kuma wurin da mutum yake kira gida.

Manufar takardar ita ce yin tarken yadda rubutun zube na Hausa ya zana hoton irin wannan mutum, ta hanyar kwatanta ayyuka biyu: labarin rayuwar Dorugu da J.F. Schon ya buga cikin Magana Hausa a 1885, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Hujjar da ake son kafawa ita ce, ayyukan biyu sun ba ɗan gida biyu daraja, sun zaunar da shi a kan buzun malanta, amma kowannensu ya yi shiru a daidai wurin da ya fi ciwo, wato inda gidajen biyu suke karo a bakin mutum ɗaya. Wannan shiru shi ne giɓin da yake jiran marubuta da manazarta na yau, kuma babu inda ake ganinsa a fili kamar unguwannin Maiduguri irin su Jiddari Polo.

2.0 Jiddari Polo a Matsayin Mahanga

Maiduguri ba tsohon birni ba ne idan aka kwatanta ta da Kano ko Katsina. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, bayan rushewar Kukawa a hannun Rabeh a 1893 da kuma shigowar Turawa. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya jawo baƙi, kuma harshen da baƙin suka haɗu a kansa a kasuwa da tasha da makaranta shi ne Hausa, duk da kasancewar garin cibiyar Barebari.

Sunayen unguwannin garin kansu abin nazari ne. A Barbarci ana liƙa ɗafin -ri a ƙarshen suna don nuna mazaunin wani ko wasu, shi ya sa ake da Hausari da Fulatari da Shuwari, wato unguwannin da tun daga suna an san ƙabilar da ta fara zama a cikinsu. Jiddari Polo kuwa suna ne mai ƙafa biyu: rabinsa na farko yana ɗauke da wannan ɗafi na Barbarci, rabinsa na biyu kuma sunan wasan dawaki ne da Turawa suka kawo. Unguwa ce ta gefen gari, kusa da Barikin Giwa, wadda ta bunƙasa da gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa daga ƙabilu iri-iri, Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Hausawa da Fulani da sauransu.

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a Yulin 2009 ya ƙara cakuɗa wannan zama. Bayan faɗuwar Gwoza da Bama a hannun 'yan Boko Haram a 2014, jama'a masu ɗimbin yawa sun kwararo cikin gari, wasu a sansani, wasu a gidajen dangi. Ita kanta Jiddari Polo ta ga hare-hare a Yunin 2017 da Afrilun 2018. Yaran da aka goyo aka shigo da su gari a waɗancan shekaru sun tashi suna jin harshen iyayensu a ɗaki, suna wasa da Hausa a waje, suna karatun allo da Larabci, suna na boko da Ingilishi. Idan aka tambayi irin wannan yaro daga ina yake, amsar da takardar shaidar ƙaramar hukuma take bayarwa daban, amsar da bakinsa yake bayarwa kuma daban. Tambayar da takardar nan take yi wa adabin Hausa ita ce: wane madubi ya tanadar wa wannan yaro?

Kafin a amsa, ya kamata a tuna cewa cuɗanyar Hausa da Borno ba baƙon abu ba ne. Greenberg (1960) ya kawo hujjar cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa, ga kuma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Labarin Bayajida ma ya nuna baƙon ya fara yada zango a Borno, ya yi aure a gidan sarauta, kafin ya ƙarasa Daura. Ke nan, tun a tatsuniyar kafuwarta al'ummar Hausa ta amsa cewa gida biyu ne ya haife ta.

3.0 Ayyukan Biyu a Taƙaice

3.1 Labarin Dorugu

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa, a zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu (wanda ba shi da alaƙa da tauraron littafin Tafawa Ɓalewa sai ta suna). A can ne Bajamushen nan Adolf Overweg ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, sai yaran suka koma hannun Heinrich Barth, wanda ya yi tafiye-tafiyensa da sunan Abdulkarim. Sun bi shi har Tambutu a 1853, suka komo Kukawa, suka ƙetare hamada ta Murzuk zuwa Tarabulus, suka isa Ingila a 1855. A Ingila ne Dorugu ya zauna da Schon, ɗan mishan mai nazarin Hausa, ya yi masa shiftar labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu bai komo ba sai 1864. Ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa (Hanns Vischer) da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a 1912. Kirk-Greene da Newman sun fassara labarin zuwa Ingilishi a 1971.

3.2 Shaihu Umar

Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da R.M. East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Labarin ya buɗe ne a Rauta, kusa da Bauci, inda almajiran wani shahararren malami suka tambaye shi asalinsa. Ya gaya musu cewa a Kagara aka haife shi, maraya, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki da makirci ya sa aka kore shi zuwa Maƙarfi. A cikin wannan hargitsi aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har Kano wurin Gumuzu, daga nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Mahaifiyar kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada tana baiwa. Sun sadu a Arewacin Afirka, ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwar. A hanyar komowa guguwar rairayi ta hallaka ayarin, har da Abdulkarim, Umar ya tsira ya ƙarasa Rauta. Hiskett ya fassara littafin a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

4.0 Tarke

4.1 Zubi Ɗaya, Baki Biyu

Duk da cewa ɗaya tarihin rayuwa ne ɗaya kuma ƙagaggen labari, zubin ayyukan biyu ya yi kama ƙwarai. A kowanne akwai yaro da bauta ta raba da uwa, akwai uban riƙo baƙo mai suna Abdulkarim, akwai ƙetare hamada ta hanyar da Murzuk take kanta, akwai koyon karatu a wata ƙasa, sannan rayuwar kowannensu ta ƙare da koyarwa a ƙasar Hausa. Ba a kawo wannan don a ce Tafawa Ɓalewa ya kwaikwayi Dorugu ba. Abin da kamancin yake nunawa shi ne, a ƙarni na 19 babbar hanyar da take samar da ɗan gida biyu ita ce bauta, kuma babbar ƙofar da al'umma take buɗe masa in ya komo ita ce ilimi.

Bambancin yana ga bakin da yake ba da labarin da kuma kunnen da yake saurare. Dorugu saurayi ne ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, yana magana a baƙuwar ƙasa, ga Bature mai alƙalami a hannu wanda buƙatarsa ita ce ya tara jimlolin Hausa don nahawu da ƙamus. Umar kuwa dattijo ne a kan buzunsa, almajiransa sun kewaye shi, yana ba da labarin da ya riga ya san ƙarshensa. Saboda haka labarin Dorugu na mai tafiya ne da bai san inda zai sauka ba, na Umar kuwa na wanda ya sauka ne har ya huta. Wannan bambanci na mazaunin mai magana shi ne ya yanke abin da kowannensu zai iya faɗa da abin da zai haɗiye.

4.2 Asali da Tarbiyya

Babban abin yabo ga Shaihu Umar shi ne yadda ya juya tambayar asali. Almajiran sun yi tambayar da Bahaushe ya saba yi wa baƙo, suna jiran sunan gari da na dangi. Amsar gari da dangi ta ƙare a shafukan farko, sauran littafin duka bayani ne na hannayen da suka rene shi. Mahaifinsa bai gan shi ba. Makau uban riƙo ne, Abdulkarim uban riƙo ne, Shaihu Mas'ud uban karatu ne. Wato marubucin ya gina tauraronsa kacokan a kan riƙo, a cikin al'ummar da take cewa tsintacciyar mage ba ta mage, take kuma yi wa agola kallon rabin ɗa. Littafin ya ƙaryata wannan karin magana ba tare da ya ɗaga murya ba: mutumin da ya fi kowa daraja a Rauta tsintacce ne.

Wannan matsayi yana da nauyi idan aka tuna wanda ya rubuta shi. An haifi Tafawa Ɓalewa a 1912, shekarar da Dorugu ya rasu, mahaifinsa Bagere ne, mahaifiyarsa tana da jinin Fulani, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933 a hannun Turawa, ya kuma rubuta littafinsa da Hausa. Shi ma ɗan gida biyu ne, ko ma fiye. Ba abin mamaki ba ne da ya zaɓi ma'aunin da zai karɓi irinsa, wato ilimi da hali.

Sai dai gadar da ya ɗora tauraronsa a kai ta sauƙaƙa masa aiki fiye da kima. Kagara da Ber Kufa duk ƙasashen Musulmi ne, saboda haka Umar ya ƙetare hamada ba tare da ya sauya alƙibla ba. Littafin ya ɗauki ƙaddara a matsayin amsar kowace tambaya, har ta kai Umar bai taɓa tsayawa ya auna cewa mutumin da ya rene shi da alheri fataken bayi ne, kuma kasuwar da ta arzuta gidan da ya tashi a ciki ita ce ta ci mahaifiyarsa ba. A nan ne ɗan gida biyu na gaskiya yake shan wuya: son wanda ya rene ka, tare da sanin abin da gidansa ya yi wa gidanku. Marubucin ya kawo mai karatu har bakin wannan rijiya, sannan ya janye shi.

Dorugu bai sami irin wannan gada ba. Ya fita daga ƙauyen Damagaram zuwa birnin Barebari, daga nan zuwa ƙasar Kirista, inda daga baya aka yi masa baftisma da sunan James Henry. Ƙarfin labarinsa yana ga idonsa. Yadda ya bayyana Kukawa da Tambutu, haka ya bayyana zaman cin abinci da suturar mutanen Ingila, da ido ɗaya, ba tare da ya durƙusa wa wani ko ya raina wani ba. A littattafan matafiya na wancan ƙarni Bature ne mai kallo, baƙar fata abin kallo. A nan an juya madubin, Turawa sun zama masu baƙuwar al'ada da ake bayyana wa Bahaushe. Wannan ido mai auna gida biyu da mudu ɗaya shi ne babbar kyautar da ɗan gida biyu yake kawo wa adabi, kuma Umar bai nuna irinsa ba, domin bai bayyana Ber Kufa a matsayin baƙon wuri ba.

4.3 Shirun Harshe

Wurin da ayyukan biyu suka fi yin shiru shi ne harshe. An ɗauke Umar daga ƙasar Hausa yana ƙaramin yaro, ya girma a gidan Larabawa, ya yi karatu har ya zama malami a cikinsu. Hankali yana ba da cewa Larabci ne harshen tunaninsa, Hausa kuwa sai abin da ya rage. Amma marubucin bai mai da wannan wani rikici a zuciyar tauraronsa ba. Umar yana ba almajiransa labari da Hausa mai santsi, wadda babu tabon hamada a jikinta. A haɗuwarsa da mahaifiyarsa, wurin da mai karatu zai so ya ji yadda ɗa yake laluben kalmomin yarinta don ya gaisa da uwar da ta haife shi, harshe bai zama shamaki ba ko kaɗan. Ta fuskar salo wannan santsi ya taimaka wa littafin ya zama abin karantarwa a makarantu, wanda kuma shi ne burin hukumar da ta buga shi. Ta fuskar jigo kuwa hasara ce, domin an nuna mutumin da ya sha ruwan gida biyu amma bakinsa bai nuna ba.

Shirun Dorugu na wani iri ne. Bakinsa ya nuna inda ya fito: Hausarsa ta Damagaram ce, gajerun jimloli masu bin juna kamar sawun raƙuma, kuma Schon ya rubuta ta da ƙa'idar da ba ta bambanta baƙaƙe masu lanƙwasa da marasa lanƙwasa ba. Amma labarin ya tsaya tun yana Turai. Shekaru arba'in da takwas da ya yi bayan komowarsa, yana tafinta tsakanin Turawa da sarakuna, yana ɗauke da sunan Kirista a tsakiyar Musulmi, yana koya wa 'ya'yan Kano boko, babu su a ciki. Wato mun sami labarin fita, ba mu sami na komowa ba, alhali a komowa ne ake gane ko gida ya bar mutum ko bai bar shi ba.

Akwai darasi a nan ga manazarta. Ɗaya daga cikin dogayen rubutun zube na farko da aka buga da Hausar boko ya fito ne daga bakin yaron da ya zauna a Kukawa, da karin harshen da ba na Kano ba. Duk wanda yake ɗaukar cewa adabin Hausa ya faro ne daga tsantsar Hausa, daga baya baƙi suka gurɓata shi, tarihi bai goyi bayansa ba.

4.4 Wa Ya Biya Kuɗin?

Idan Umar bai ji ciwon rabuwa a fili ba, to wa ya ji? Amsar ita ce mahaifiyarsa. Hanya ɗaya suka bi, hamada ɗaya suka ƙetare, amma shi ta kai shi ga malanta, ita ta kai ta ga ƙangi da kabari. Ita ce ta ƙi karɓar gida na biyu, ta ƙi sakin jiki a hannun wanda ya saye ta, kuma ita ce littafin ya kashe. Haka nan Abdulkarim, wakilin gida na biyu, rairayi ya binne shi kafin a iso ƙasar Hausa. Ke nan, kafin Umar ya zauna lafiya a Rauta sai da marubucin ya kawar da mutane biyun da za su iya ja da shi, kowa ta ɓangarensa. Rauta kuma ba Kagara ba ce, ba Ber Kufa ba ce, wuri ne na uku inda babu wanda ya san shi sai da iliminsa. Wannan warwara tana da kyau a ido, amma ta nuna cewa littafin bai iya riƙe gida biyu a raye a lokaci ɗaya ba. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, kuma a ƙarshe marubucin ya bi wannan magana, ya cire wa tauraronsa duka biyun daga baki.

5.0 Daga Hamada Zuwa Tsakar Gida

Yaron Jiddari Polo ya bambanta da Dorugu da Umar ta hanya ɗaya muhimmiya: gidajensa biyu duk suna raye, kuma katanga ɗaya ta kewaye su. Kakarsa tana ɗaki tana yi masa magana da Barbarci ko Margi ko Larabcin Shuwa, yana amsa mata da Hausa. Ba ya buƙatar ayari kafin ya ƙetare iyaka, zaure kawai zai wuce. Warwarar da Shaihu Umar ya bayar ba za ta yi masa aiki ba, tun da babu guguwar da za ta zo ta raba masa gardama.

Marubuciyar da ta fi kusantar wannan yanayi daga ƙasar Borno ita ce Zaynab Alkali, wadda aka haifa a Tura-Wazila a 1950, ta kuma daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri. A cikin The Stillborn (1984) ta zaunar da tsohon da bai saki addinin gargajiya ba, da ɗansa mai tsananin riƙo da sabon addini, da jikoki 'yan boko masu mafarkin birni, duk a gida ɗaya. Ta shigo da iyakar cikin tsakar gida, abin da ayyukan biyu na farko ba su yi ba. Amma da Ingilishi ta rubuta, kuma Ingilishin ya shafe bambancin harsunan da mutanen gidan za su yi magana da su, ya mai da su murya ɗaya.

A finafinan Hausa kuwa, masu sana'ar da yawa 'yan gida biyu ne. Ali Nuhu, alal misali, a Maiduguri aka haife shi a 1974, mahaifiyarsa daga Bama, mahaifinsa daga Balanga, ya tashi a Jos da Kano. Duk da haka, idan aka ji Hausar da ba ta Kano ba a fim, galibi don ban dariya aka kawo ta. Barbarci ba shi da jinsin nahawu irin na Hausa, ba shi kuma da baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ, saboda haka Hausar Maiduguri takan sassauta waɗannan wurare. Mai shirya fim yana jin wannan ya ga abin raha, malamin jarrabawa ya ga kuskure, amma da wuya a sami wanda ya ga muryar tauraro mai ɗauke da babban jigo. Sakamakon haka shi ne, yaron da ba shi da wani harshe da ya fi iyawa kamar Hausa yana koyon cewa Hausar tasa ba ta isa a rubuta baƙin ciki ko soyayya da ita ba. Idan ya yarda da haka, zai koma Ingilishi ko ya yi shiru, kuma adabin Hausa ya yi hasarar shaidun abin da ya faru a Borno tun 2009.

Ba ana kira ne a yi watsi da daidaitacciyar Hausa ba, domin ita ce igiyar da ta ɗaure mai karatu na Sakkwato da na Maraɗi da na Maiduguri. Abin da ake cewa shi ne, mai tarke ya bambanta kuskuren da rashin sani ya haifar da zaɓin da marubuci ya yi da gangan. Idan marubuci ya bar kaka ta yi magana da Hausar da Barbarci ya lanƙwasa, jika ya amsa da Hausar titi mai gauraye da Ingilishi, mai ba da labari kuma ya riƙe daidaitacciya, to wannan salo ne, kuma da ma'aunin salo ya kamata a auna shi: shin ya fito da halin taurarin, ya kuma ciyar da jigo gaba, ko kuwa ado ne kawai?

6.0 Kammalawa

Takardar nan ta kwatanta labarin Dorugu da Shaihu Umar ta fuskar yadda suka zana ɗan gida biyu. An ga cewa Shaihu Umar ya fifita tarbiyya da ilimi a kan jini, amma ya sayi natsuwar tauraronsa da mutuwar uwa da ta uban riƙo, ya kuma goge tabon harshe daga bakinsa. An ga cewa Dorugu ya kawo ido mai auna al'adu biyu da mudu ɗaya, amma labarinsa ya yanke kafin komowa gida. Daga nan za a iya fitar da ma'auni uku na tarken duk wani aiki mai irin wannan jigo: ko ya bar gidajen biyu a raye har ƙarshe, ko an ji su duka a bakin tauraro, da kuma ko ya faɗi wanda ya biya kuɗin haɗuwarsu. Ayyukan biyu kowanne ya cika wani sashe ya bar wani. Aikin da zai cika ukun yana iya fitowa daga unguwa irin Jiddari Polo, inda kayan gininsa suke zube a kowane zaure. Abin da ya rage ga sassan nazarin harsunan Nijeriya, musamman na Maiduguri da Kano da Zariya da Sakkwato, shi ne su tattara labaran waɗannan yara da Hausar da suka faɗe su, kamar yadda aka tattara na Dorugu, su kuma tanadi ma'aunin da zai karɓi aikin in ya zo.